Lambar Cikin Hula

Wata uku ke nan da Alhaji Ilu ya hana ni taka ƙofar gidansa a Kurfi. Hulunansa kuwa bai hana su zuwa wurina ba.

Duk ranar kasuwa sai ya tsayar da mota a bakin rumfata, nan kusa da tashar Dutsin-Ma, ya miƙo leda ta taga bai dube ni ba. In karɓa ban dube shi ba. Huluna uku, wani lokaci huɗu.

"Sitaci ya ji," in ji shi.

"To," in ji ni.

Iyakar hirar da ke tsakanina da mahaifin yarinyar da nake so ke nan.

Sunana Zaharaddin. Wankin hula nake yi tun da na gama sakandare. Ana cewa ba ni da magana, ban kuma taɓa musu ba. Ikilima, 'yar Alhajin, tana da maganar mutum biyu. Shi ya sa muka dace.

Ranar Laraba bayan la'asar ta turo mini saƙo in same ta a gidan gwaggonta Mairo, nan cikin Dutsin-Ma, inda ta zo suna. Na tarar da ita a zaure tana kuka. Ba irin kukan da ake farawa in an hango mutum ba. Wannan ya daɗe, har gefen hijabinta ya jiƙe. Gwaggo Mairo tana daga ciki, dab da ƙofa, wai tana ɓarar gyaɗa. Tun da na zauna ban ji ƙarar ɓawo ko ɗaya ba.

"Zaharaddin, an gama da mu."

"Wa?"

"Baba. Ya ce jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, ka zo zaurensa. Gaban yayansa, Kawu Jibo. Ka buɗe wayarka a duba duk abin da ke ciki. In an duba ba a ga komai ba, zai sake tunani. In ka ƙi, kar in ƙara kiran sunanka a gidan. Ya ce shi ba zai yi mini dole ba, in na ga dama in zauna har in yi furfura, amma kai kam a'a."

Na sunkuya ina kallon takalmina.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji."

"To ka ce wani abu mana. Ana gaya wa mutum rayuwarsa za ta rushe, yana kallon takalminsa."

"Wa zai duba?"

Ta ja hanci. "Ka san Baba lambobi kaɗai yake ganewa a boko. Kawu Jibo ma haka. Fahad ne zai duba."

Na koma kallon takalmina.

Fahad ɗan abokin Alhaji ne. Yana da shagon sayar da waya a Kurfi, kuma shi ma Ikilima yake so. Mutum ne da duniya ta san abin da ya karya da shi. Kafin ya kai loma baki sai ya ɗauki hotonta ya watsa. Ranar da aka cire masa haƙori, sai da rabin Kurfi suka ga haƙorin. Alhaji yana cewa wannan shi ne yaron kirki, ba ya ɓoye komai.

Ni kuwa da aka tura a yi bincike a kaina, mai binciken ya wuni a Makera, ƙauyenmu, ya koma ba labari. Ba wanda ya ce na taɓa sata. Ba wanda ya ce ina shaye-shaye. Abin da kowa ya faɗa shi ne, "Ai ba a sanin cikinsa." Fahad ya ɗora da cewa wayata makulli uku gare ta. Daga nan Alhaji ya yanke cewa wanda ya kulle waya sau uku, 'yan mata uku yake ɓoyewa, in ma ba su fi ba.

Makullin biyu ne. Ban gyara masa ba.

"Ka goge saƙonnina," Ikilima ta ce tana share ido. "Duka. Sai ka buɗe musu, su duba har su gaji."

"A'a."

"Me ya sa?"

"Muryarki ce."

Kukan ya tsaya cak kamar an ɗauke wuta. Ta kalle ni, ta kusa yin murmushi. Sai ta tuna, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

"Muryar tawa ce za ta kashe ni. Ka manta abin da ke ciki? Akwai wanda na kwaikwayi Baba yana ciniki, har da tarin nan da yake yi in yana so a rage masa. Akwai wanda na yi maka waƙa. Zaharaddin, in Fahad ya ji waƙar nan, gara in bar jihar. Sannan kuma..." Ta waiwayi ƙofa, ta rage murya. "Maganar Inna."

Na san maganar. Wata takwas ke nan mahaifiyarta, Hajiya Larai, tana fita duk Talata da Alhamis da sunan duba wata ƙawarta mara lafiya. Ƙawar ta warke tun da damina. Ajin yaƙi da jahilci Hajiya take zuwa, a gidan wata malama, tana koyon karatun boko. A ɓoye take yi, don Alhaji ya taɓa faɗa a gaban 'ya'yansa cewa mace mai jikoki in ta riƙe fensir dariya za a yi mata. Ikilima ta gaya mini a saƙon murya, ta kuma rantsar da ni.

"Ba wanda zai ji," na ce.

"To ka goge."

"In na goge naki, na yayata Zaituna fa? Hotunanta na cikin gida suna nan, ba lulluɓi. Abokina ya turo mini takardar asibitinsa in karanta masa. Shi ma in goge shi? Wayar tawa ce, Ikilima, amma rabin abin da ke ciki na mutane ne. Kuma Fahad sana'arsa ce. In ta yi minti biyar a hannunsa, abin da bai gama gani ba zai tura wa kansa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na yi a watan. Ita ma ta lura.

"Yau ka samu baki, ranar da za ka rasa ni." Hawayen suka ƙaru. "Wato ka zaɓi waya ka bar ni."

"Ban ce ba."

"To me ka ce? Shekara biyu ina jiran ka ce wani abu. Na ƙi Abdullatif mai babur biyu saboda kai. Na ƙi malamin makarantar nan mai gemu, wanda har wasiƙa yake rubuto mini da jan biro. Ƙawayena suna cewa me kika gani a mai wankin hula, ina cewa ku ba ku san shi ba. Ashe ni ma ban san shi ba. Na zauna ina sauraron shirunka kamar rediyon da batirinsa ya mutu, ina cewa ai wata rana zai kama tasha. Yanzu lamba huɗu kacal aka ce ka danna don ka same ni..."

"Shida ce."

"Ka gani? Ka ga irin abin da nake faɗa?"

Daga bayan ƙofa muryar Gwaggo Mairo ta fito. "Ɗan nan, ka buɗe masu mana a wuce wurin. Wai wace irin waƙa ce ma?"

Ikilima ta rufe fuska da hijabi. Na miƙe.

"Zan zo Juma'a."

"Za ka buɗe?"

"Zan zo."

*

Ranar Alhamis na wanke hulunan Alhaji.

Akwai abin da na sani game da hulunan nan. Mai wankin hula sai ya juya ta, cikinta ya koma waje, kafin ya sa buroshi. A haka ake shanya ta ta sha rana, sannan a mayar da ita daidai a kifa a katako. Shekara biyu da suka wuce na juya wata hula zanna ta Alhaji, sai na ga rubutu da biro a cikinta. Lambobi, layi biyu. Kusa da na sama an zana 'yar waya. Kusa da na ƙasa an zana ɗan kati.

Lambar buɗe wayarsa, da lambar katinsa na banki. Alhaji bai yarda da takarda ba, takarda tana ɓata. Hula kuwa kullum tana kansa. Ya manta cewa duk mako tana sauka.

Karon farko na sa sabulu na dirje rubutun ya fita tas. A makon na ji labari Alhaji ya kwana uku bai iya buɗe wayarsa ba. Sau uku muna haka, yana rubutawa ina gogewa. A na huɗu ya koma amfani da alƙalamin da yake sa wa buhunan hatsinsa alama. Wannan tawadar ko ruwan dam ɗin Zobe aka juye mata ba ta fita.

Sai na daina shanya hulunansa a bakin titi, inda duk mai jiran mota yake tsayawa yana ƙare wa huluna kallo. Na ɗaura igiya a cikin rumfa, bayan labule. Kuma duk wankin da zan mayar masa, sai na sa 'yar takarda a cikin ledar. Faɗa masa da baki ya gagare ni. Ta yaya za ka ce wa dattijo, ta tagar mota, a tsakiyar tasha, na san lambarka?

Ba abin da ya canja. Na ɗauka ana karanta masa ne yana ƙi.

Ranar na daɗe riƙe da hular ina kallon lambobin. Wata zuciya ta ce, gobe in ya matsa maka, ka karanto masa su a gaban kowa, ya ji yadda abin yake. Ɗaya zuciyar ba ta ce komai ba. Ita ce tawa.

Na sa sitaci ya ji.

*

A Kurfi na yi sallar Juma'a, ledar huluna a gefena. Da aka watse na nufi gidan.

Zauren Alhaji rabinsa buhunan dawa ne, jere har kusa da rufi. Yana zaune kan darduma, ya tanƙwashe ƙafa. A damansa Kawu Jibo, yayansa, tsoho mai raunin ji, wanda yake magana kamar yana kiran wani daga ƙarshen gona. A hagu Fahad, cikin farar shadda, ƙamshin turarensa yana faɗa da warin dawa. Ƙofar cikin gida an sake mata labule. Ƙasan labulen na ga yatsun ƙafa, fiye da na mutum ɗaya.

Na cire takalmi, na durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Ban haife ka ba. Alhaji za ka ce."

"Ina wuni, Alhaji."

Ya gyara zama, ya yi tarin nan. Na tuna muryar Ikilima tana kwaikwayonsa, na cije leɓe.

"Zan gaya maka gaskiya, yaro, don ni ba irinka ba ne, abin da ke cikina shi ke bakina. Na sa an bincika ka, an dawo mani da iska. Ga kuma raini. Shekara nawa ina wucewa ta gaban rumfarka? In ga hular mai unguwa, in ga ta kansila, har ta direban tifa, an jera su a rana kowa na gani. Tawa ban taɓa gani ba ko sau ɗaya. Mi hulata ta yi maka? Kunyarta kake ji?"

"A'a, Alhaji."

"To mi?"

Na dubi Fahad, na dubi Kawu Jibo.

"Kun gani ko?" Alhaji ya buɗe hannuwa. "To ɗiyata ba za ta shiga gidan da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ciro wayar. Buɗe, ka miƙa wa Fahad."

Fahad ya miƙo hannu yana murmushi. "Minti biyar kawai, ɗan'uwa. In ba abin da kake ɓoyewa, mene ne na tsoro? Ni ka gan ni nan, rayuwata a fili take kamar filin ƙwallo."

Na ciro wayar na dube ta. Bayan labule aka ja hanci. Na san hancin.

"Alhaji, ka tambaye ni duk abin da kake so, in amsa. In ka ce in rantse, in rantse. Amma ba zan buɗe ba."

"Don mi?"

"Akwai amanar mutane a ciki."

"Waɗanne mutane?"

"In na faɗa, na buɗe ke nan."

Kawu Jibo ya karkato. "Mi ya ce?"

"Ya ce ba zai buɗe ba," in ji Alhaji da ƙarfi.

"Ƙofa?"

"Waya, Yaya. Waya."

"To ku ba shi mabuɗin mana, kun sa yaro a gaba."

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya nuna mini hanya da haɓa.

"Shi ke nan. Kai ka zaɓa. Tashi ka tafi. Daga yau ba kai ba ɗiyata, kuma ko hulata ba za ka ƙara gani ba."

Kuka ya ɓarke bayan labule. "Baba, don Allah. Baba, wallahi ba abin da kake zato ba ne. Zaharaddin, ka buɗe, na yafe waƙar, kowa ya ji..."

"Ke, koma ciki."

Ba ta koma ba. Yatsun ƙafar ba su motsa ba.

Na mayar da wayar aljihu. Lambobin nan suna kan harshena, layi biyu, na haddace su ba da son raina ba. Numfashi ɗaya ya isa in faɗe su. Na haɗiye. Na ajiye ledar hulunan a gabansa, na juya wajen takalmina.

Zafin rana da na fushi suka haɗu wa Alhaji. Ya cire hular kansa ya yi fifita da ita, sannan ya jefa ta kan tabarma, bakinta sama. Kawu Jibo ba ya ganin abu bai taɓa ba. Ya ɗauka, ya kai ta dab da ido.

"Ilu, wa ya yi maka rubutu a hula? Laya ce? Huɗu... bakwai... sifili..."

"Kawu, dakata!"

Ban san muryata tana kai wa nan ba. Har Kawu Jibo ya ji. Na tsallake tabarma, na zare hular daga hannunsa, na ninke bakinta, na miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Alhaji ya dubi hular, ya dube ni. Karon farko ke nan a wata uku.

"Ka san abin da yake karantawa?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Duka layin biyu?"

"Duka. Da tsofaffin ukun da ka canja."

Ya buɗe baki, ya rufe. "Kai ne aljanin da ke goge mani lamba?"

"Ni ne."

"Kwana uku na yi ina zagin 'yan Caina."

"Ka yi haƙuri."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Ikilima fa?"

"Wallahi Baba ko ni bai gaya mini ba," in ji labule. Sannan, da wata murya da ta fi kama da ta mai shirin faɗa: "Zaharaddin, shekara biyu?"

"Shi ya sa ba na shanya su a titi," na ce wa Alhaji. "A juye ake shanya hula. Duk mai jiran mota zai karanta."

Ya daɗe yana murza gemu. Fushin nasa ya rasa hanya, sai ya nemi wata.

"To ba ka da baki? Ba za ka gaya mani ba, ka bar ni ina yawo da asirina a ka?"

"Na rubuta maka. Kowane wanki."

Ya jawo ledar ya zazzage. Huluna uku suka faɗo, da 'yar takarda a ninke. Ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wannan? Ai talla ce. Fahad ya karanta mani, ya ce wai ka fara wankin darduma."

Duk muka dubi Fahad. Agogonsa yake dubawa.

"Karɓi, Fahad. Sake karanta mani."

"Baba, ai rubutun nasa ne ba ya fita sosai. Ka san mutanen da hannunsu ke cikin ruwa kullum..."

Labule ya motsa. Hannu ya fito, mai jan lalle da zoben azurfa.

"Alhaji, miƙo nan." Muryar Hajiya Larai ce.

"Ke kuma mi za ki yi da ita? Ƙunshin daddawa?"

"Miƙo dai."

Ya miƙa. Muka ji an yi gyaran murya. Sannan a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai taka ƙasa mai santsi:

"Al-ha-ji, don Al-lah a dai-na ru-bu-ta lam-ba a ci-kin hu-la. Ko-wa zai i-ya ga-ni. Ban ga-ya wa ko-wa ba." Ta tsaya. "Ya manta ɗigo a kan wani baƙi. Malamarmu ba ta yarda da wannan."

Alhaji ya juya da dukan jikinsa, har dardumar ta biyo shi.

"Larai. Yaushe?"

"Wata takwas. Ƙawata ta warke tun da damina, Allah ya ƙara mata lafiya. Ikilima ta gaya wa yaron nan, maganar tana cikin wayar da kake cewa ya buɗe. Lamba shida zai danna ya samu ɗiyarka, ni kuma ya tona ni a gaban maza. Ya tashi yana neman takalminsa. Ni dai abin da na gani ke nan ta ƙasan labule. Kuma ni ke jera maka huluna a ɗaki, Alhaji. Lambobi kuwa tun makon farko aka koya mana."

Hannun Alhaji ya tafi aljihunsa da kansa.

"Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba. Amma ka ji yadda gabanka ya faɗi?"

Alhaji ya juyo kan Fahad, a hankali.

"Sau nawa na ba ka takardar nan?"

"Ban riƙe ba, Baba."

"Ka karanta, ka san akwai lamba a hulata, ka ce mani darduma."

"Gani na yi kar hankalinka ya tashi."

"Madalla. To kai da rayuwarka take filin ƙwallo, buɗe taka ka miƙa wa Larai. Ta iya karatu."

"Baba, ai caji ya ƙare tun a masallaci."

A daidai nan ta ɗauki ƙara a aljihunsa, wata waƙar soyayya mai sarewa. Ya dafe aljihun. Waya ta biyu ta kama a ɗaya aljihun. Ya dafe shi ma. Ya zauna haka, hannu bibbiyu a cinya, kamar mai ciwon ƙugu.

"Wannan kam na ji ta," in ji Kawu Jibo.

"Alhaji, a bar masa wayarsa," na ce. "Shi ma akwai mutane a ciki."

"Da alama," in ji Hajiya.

Fahad ya tuna ya bar shago a buɗe. Ya fita da sauri, waƙar tana bin sa har kwanar gidan.

Alhaji ya ajiye numfashi. Ya ciro wayarsa ya juya ta a tafin hannu kamar yau ya fara ganinta.

"Matso nan. Yanzu mutum nawa suka san lambar nan? Kai, da Larai, da wanga ɗan darduma. Yaya Jibo ya san rabi."

"Canjawa za a yi. Ta katin sai ka je banki da kanka ranar Litinin, kar ka aiki kowa. Ta wayar yanzu."

"Nuna mani."

Na nuna masa inda zai danna. Da ya zo wurin sabuwar lamba, na juya baya na fuskanci buhunan dawa. Ya daɗe yana dannawa, yana tsaki, yana sakewa.

"Na gama."

Na juyo. Yana laluben aljihu. Ya ciro alƙalamin buhu, ya cire murfin da haƙori, ya jawo ɗaya daga cikin hulunan da na wanke.

"Alhaji."

Ya tsaya, murfin a baki. Ya cire shi. "To ina kake so in sa ta?"

"A abin da hular ke rufewa."

Dariya ta fashe bayan labule, murya biyu, ɗaya da sauran kuka a ciki. Alhaji ya harari labulen. Ya mayar da murfin alƙalamin, ya kifa hular a kansa, ya danna ta sosai da hannu biyu kamar lambar za ta gudu ta sama.

"Wane ne babba a gidanku can Makera?"

"Kawuna, Malam Dalhatu."

"Yana magana, ko irinka ne?"

"Yana yi."

"Alhamdulillahi. Ka ce masa ina gida ranar Lahadi."

Na sunkuyar da kai. "Na gode, Alhaji."

"Wane Alhaji?" Ya yi tarin nan. "Baba za ka ce."

Na faɗa. Da ƙyar ta fito, amma na faɗa.

Na nufi bakin zaure, na zura ƙafa a takalmi ɗaya. Sai muryar Ikilima ta biyo ni ta labule, ƙasa-ƙasa, mai laushi irin wadda na fi tsoro.

"Zaharaddin. In an ɗaura, za ka ba ni lamba shidan nan?"

Ba wanda ya yi motsi. Hajiya ta daina dariya. Baba ya ɗago kai. Har Kawu Jibo ya karkato kunne.

Na sunkuya ina neman ɗayan takalmin.

Fahad ya tafi da shi.